Bayan an kwashe zinariya: tambayoyi da amsoshi kan karta, ruwan rijiya da gyaran tsohuwar mahaƙa a Sudan

Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, zinariya ce ta koma abin dogaron ƙasar nan. Samarinmu na Gadarif da Kasala da Mai Wurno da Damazin ba su zauna ba. Wasu suna cikin rami, wasu suna kan injin niƙa a kasuwannin Abidiya da Abu Hamad, wasu dako, wasu shayi da abinci suke sayar wa masu haƙa. Yanzu wurare da dama an cinye su an tashi. Tambayoyin nan su ne waɗanda masu rijiya da masu dabbobi da ke maƙwabtaka da irin waɗannan wurare suka fi maimaitawa.

Masu haƙa sun tashi shekaru, inji ya yi shiru. Me kuma ya rage na tsoro?

Ramuka sun rage, kuma suna kisa. A Disamban 2021 mutum 38 suka mutu a yankin Fuja, kusa da Nuhud a Kordofan ta Yamma, cikin mahaƙar da hukuma ta ce ta riga ta rufe ta. Amma rami ido yana ganinsa, mai hankali yana iya kauce masa. Abin da ba ya nuna kansa shi ne tulin karta, wato garin dutsen da ya rage bayan an cire zinariya, da ƙasar da ke ƙarƙashin tsofaffin kududdufan wanki. Waɗannan ba su san an tashi ba. Iska tana ɗibar su, ruwa yana ratsa su, kuma aikinsu a kan rijiya sau da yawa sai bayan tafiyar masu shi yake bayyana.

Ita kartar ba dutse ne da aka niƙa ba? Me ya bambanta ta da ƙasar daji?

Dutse ne, amma wanda aka mayar gari lukui. Muddin dutse yana dunƙule, abin da ke cikinsa na asenik ko dalma ko kadmiyam a kulle yake, ruwa bayansa kawai yake shafa. Da an niƙa shi, kowace ƙwaya ta buɗe wa ruwa da iska. Wannan tun kafin a zuba masa komai ke nan.

Sai mai haƙar gargajiya ya zuba zaiba a injin niƙa ko a baho don ta kama zinariya. Ba ta kama duka. Sau da yawa abin da ta bari a garin ya fi wanda ta kama, shi ya sa karta ta zama haja ana sayenta tifa-tifa. Ita kanta zaibar ba duka take komawa kwalba ba. Niƙa yana farfasa ta zuwa ɗigo-ɗigon da ido ba ya gani, su bi garin su tafi. Daga nan kamfani, ko mai hallata, wato ƙaramin injin gauraya, a bayan gona, ya jiƙa kartar da ruwan sayanid don ya narkar da ragowar zinariyar. A nan matsala ta ninka, domin sayanid yana kama zaiba ma ya mai da ita abin da ke narkewa a ruwa. Zaibar da a da nauyinta zai kwantar da ita wuri ɗaya, yanzu duk inda ruwa ya nufa da ita za a je. In ta kai lakar kogi ko ta hafira, wato tafkin da ake haƙawa don tara ruwan sama, ƙwayoyin halitta suna juya ta zuwa nau'in da ke taruwa a jikin kifi, wanda ya fi cutar da ƙwaƙwalwar ɗan tayi.

Yarjejeniyar Minamata ta 2013 da ƙasashen duniya suka ƙulla kan zaiba, wadda ta fara aiki a 2017, ta lissafa ayyuka huɗu da ta ce a kawar da su daga haƙar gargajiya. Ɗaya daga ciki shi ne ainihin wannan: sa sayanid a kan kartar da ke da zaiba ba tare da an fara cire zaibar ba. A wurinmu kuwa kusan a kansa aka gina cinikin karta.

Malam, a arewa sai a shekara ba a ga ruwan sama na kirki ba. Ta ina guba za ta gangara har rijiya?

Wannan tunanin ya ruɗi mutane da yawa, har da masu boko. Gaskiya ne Atbara ba ta samun milimita 100 a shekara, Abu Hamad ma ko kusa, alhali Gadarif tana samun wajen 600. Sai dai ruwan hamada ba ya zuwa kaɗan-kaɗan. Yakan tsallake shekaru ya sauko a dare guda, ƙasa ta kasa shanyewa, kowane kor, wato rafin da ba ya gudu sai an yi ruwa, ya cika ya tumbatsa. Mutanen yankin Barbar sun gani a Agustan 2022, na Bur Sudan sun gani a Agustan 2024 da madatsar Arba'at ta fashe. To a ina ake kafa injin niƙa da kududdufan wanki? Inda ruwa yake kusa: bakin kor, gefen rijiya, gaɓar Nilu. Hanyar ambaliya ke nan.

A duwatsun Bahar Maliya da sauran wurare masu taurin dutse, ruwan da ake sha ɗan kaɗan ne da ke kwance cikin yashin kor da tsagogin dutse, mita kaɗan daga sama, kuma ambaliyar ce ke ciyar da shi. Abin da ta ɗebo a hanya da shi take nutsewa cikin yashin. Karta a bakin kor tamkar ganyen shayi ce a rariya, ruwan da ya ratsa ta sai ya fito da abin da ke cikinta.

Akwai kuma ruwan da ba daga sama ya zo ba. Duk shekarun da aka yi ana aiki, tanka tana juye ruwa a kududdufi, kuma ƙananan kududdufai da yawa ko ba leda a gindinsu ko ledar ta yage tuntuni. Wannan ruwan ya riga ya shige, yana tafiya sannu. A cikin yashi, ruwan ƙasa yakan yi 'yan santimita zuwa kamar mita guda a rana. Mu ɗauka rabin mita ne. Rijiyar da ke nesa da kilomita ɗaya, sai bayan shekara biyar da rabi zai iso ta. A lokacin kamfani ya daɗe da kwashe kwantenoninsa, an ma manta fuskar manajan. A tsagar dutse lissafin yakan rushe, ya iso cikin makonni.

Babbar ma'ajiyar ruwa ta dutsen yashin Nuba, wadda Sudan da Masar da Libiya da Chadi ke tarayya a kanta, zurfinta yana kare ta a wurare da yawa. Amma ruwan dubban shekaru ne, kusan ba ya sabuntuwa, abin da ya shige ta babu mai zuwa ya wanke shi. Hanya mafi sauri da guba ke kai mata ita ce tsohuwar rijiyar burtsatse da aka bari baki buɗe a tsakiyar filin aiki. Irin wannan a cika ta da siminti daga gindi har baki, ba a ɗora mata dutse ba.

An ce rana tana kashe sayanid, bayan 'yan makonni shi ke nan. Haka ne?

Rabi gaskiya ne. Lokacin aiki ana zuba jir, wato farar ƙasa, don ruwan ya tsaya a 10 zuwa 11 a ma'aunin tsami da ake kira pH, saboda in ya sauko wajen 9 sayanid yana juyewa iska mai kisa. Bayan an tashi, ƙarfin jir yana raguwa a hankali, sayanid ɗin saman kududdufi ya tashi ya bi iska, rana ta ƙarasa saura. A sama ke nan. A tsakiyar tuli, inda ba rana ba iska, yana haɗuwa da ƙarfe da tagulla ya zauna shekaru. Wanda ya lalace ma yakan bar amoniya da naitret a baya, kuma naitret yana daga cikin masu saurin tafiya a ruwan ƙasa. Zaiba da asenik da dalma kuwa ba sa lalacewa, wuri kawai suke canzawa.

Makiyayi ya san gubar sayanid tun kafin zuwan kamfani, ita ce a cikin gyauron dawa da ke kayar da saniya nan take. Alamar ɗaya ce a bakin kududdufi: dabba ta sha, ta hau haki, jiki ya ɗauki rawa, ta faɗi cikin mintuna, in an yanka jinin ja jawur. Kada a ci naman. Ƙa'idar da manyan kamfanonin zinariya suka amince da ita bayan malalar ruwan sayanid a Baya Mare ta Romaniya a Janairun 2000 ta ce ruwan da tsuntsu ko dabba ke iya kaiwa, sayanid ɗinsa kada ya wuce miligiram 50 a lita. Wannan iyakar ceton dabba ce daga mutuwa, ba ta da alaƙa da ruwan sha.

Ruwan rijiyarmu garau yake, ba wari ba ɗanɗano. In na tafasa ko na sa alif ai ya wadatar?

Bai wadatar ba, Hajiya. Asenik ba shi da launi ba shi da ɗanɗano, kuma shekaru yake ɗauka kafin ya nuna a fata da tafin hannu. Tafasa ƙwayoyin cuta take kashewa. Ƙarfen yana nan, ruwan ne ma ke raguwa. Alif da garin 'ya'yan zogale suna kwantar da laka, wani ɓangare na gubar da ke manne da lakar ya kwanta tare da ita, wannan riba ce, amma wadda ta narke tana nan daram. Kulorin ma ba ya cire ta. Injin tacewa mai matsa ruwa ta siririyar fata, irin na masu sayar da ruwan jarka a birane, shi ke cire mafi yawa, in ana canza masa kaya a kan lokaci. Kafin a samu gwaji, ruwan sha da na girki da na dama kunun yara a ɗebo daga rijiyar da ke sama da mahaƙar, ta kusa a bar wa wanki.

Sama da mahaƙar kamar yaya? Ta yaya za mu san inda ruwan ƙasa ya dosa?

A yashin kor, galibi inda ambaliya ke gangarawa nan yake bi. Amma a auna ya fi. Ana buƙatar rijiya uku aƙalla, waɗanda ba a layi ɗaya suke ba. A sauke igiyar awo daga baki zuwa fuskar ruwa, da asuba kafin a fara ja, duka a rana ɗaya. Inda aka fi tuntuɓe shi ne a kwatanta zurfin kai tsaye, a manta bakin wannan rijiya ya fi na waccan tudu. Sai mai awon ƙasa ya auna tudun bakin kowacce, ko magini da tiyon ruwansa in suna kusa da juna, a cire, a ga wadda fuskar ruwanta ta fi yin ƙasa. Can ruwan ya nufa. A kula da donki, wato rijiyar burtsatse mai inji, da ke ja dare da rana, yana iya karkato da ruwa wajensa ya jawo gurɓatacce daga gefen da ba a zata ba.

In an san hanyar, sai a haƙa rijiyoyin sa ido: ɗaya sama da karta don a san asalin ruwan wurin, biyu ko uku a ƙasa, tsakanin tulin da gari. Siraran bututu ne, a ɗaure bakinsu da siminti a sa kwaɗo, ba a sha. Amfaninsu su ga guba kafin rijiyar gari ta gan ta. Ta saman tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin ranar da aka je gaban hukuma, abin da za a fara ce muku shi ne dama can ruwan wurin haka yake.

Me za mu ce a auna mana, kuma yaya ake ɗaukar ruwan?

A ce a auna zaiba, asenik, dalma, kadmiyam, sayanid, naitret, salfet, da pH da yawan gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar asenik da dalma a maikrogiram 10 a lita, zaiba 6, kadmiyam 3, naitret kuma miligiram 50. Maikrogiram kashi ɗaya ne cikin dubu na miligiram, don haka a duba takardar sakamako da kyau a ga da wanne aka rubuta. A tambayi ɗakin gwajin ko na'urarsu tana gani har ƙasa da waɗannan lambobi. In ba ta gani, rubuta “ba a samu ba” bai nuna komai ba.

Ɗaukar ruwan ita ce ke ɓata yawancin gwaji. Kwalbar lemo da aka ɗauraye ba ta yi. Ɗakin gwaji ne zai ba da kwalabe: ta ƙarafa da ɗigon asid a ciki, ta sayanid mai duhu da ɗan soda mai ƙarfi, ta zaiba gara ta gilashi. A ja ruwan rijiyar na ɗan lokaci a zubar kafin a cika, a rubuta sunan rijiya da kwanan wata a jiki, a sa cikin kula da ƙanƙara. Kwalbar sayanid da ta yini a bayan mota cikin zafin Atbara za ta isa babu komai a ciki, a ce muku ruwanku lafiya lau. Ƙaramar na'urar awon gishiri da ake sa wa a aljihu ba ta ganin zaiba, amma in lambarta ta fara hawa wata bayan wata a rijiyar da ke ƙasa da karta, alama ce wani baƙon ruwa ya fara isowa.

Tsohon rami ya tara ruwa, launinsa ja-ja. Raƙuma da awaki za su iya sha?

A hana su sai an gwada. Ruwa ba ya yin ja ko tsami banza. In dutsen wurin yana da fairait, ma'adinin nan mai ƙyallin rawaya da ke ruɗin sabon shiga, haɗuwarsa da iska da ruwa tana haifar da asid irin na ruwan batir, shi kuma ya narkar da ƙarafan da ke cikin dutse. Ja ko ruwan lemo ƙarfe ne, kore mai shuɗi-shuɗi tagulla ce. Farin ɓawo ko rawaya da ke fitowa a bakin rami in ya bushe, dabbobi suna lasarsa a zaton kanwa ce, kuma ruwan farko yana narkar da shi gaba ɗaya a lokaci guda. A yankin Ariyab, inda mahaƙar Hassai ta fara aiki a farkon shekarun 1990, zinariyar a jan dutsen sama take, ƙarƙashinsa kuwa tarin ma'adinai ne masu farar wuta. Duk ramin da ya kai irin wannan zurfi, ko a ina yake, abin lura ne, don in tsamin ya fara yakan ɗauki gomman shekaru. Ana kashe shi da jir ko niƙaƙƙen dutsen jir, ana kuma hana iska kai wa dutsen. Takardar gwajin pH ba ta da tsada. Sai dai rashin tsami ba shaidar lafiya ba ce, asenik yana tafiya a ruwan da ba shi da tsami ko kaɗan.

To in za a gyara wurin, daga ina ake farawa?

Ba daga dashen bishiya ba, ko da yake shi ya fi kyau a hoto. A fara zagaya wurin da ƙafa tare da waɗanda suka yi aiki a can. Su suka san inda ake ƙona zaiba, inda aka binne durom, gefen da kududdufi ya taɓa fashewa. A zana taswira, a killace, a cike ramuka.

Sannan a raba karta da ruwa, wannan shi ne uwar aikin. Tulin da ke cikin kor ko a bakinsa a kwashe shi zuwa tudu, babu dabarar da za ta tsare shi a hanyar ambaliya. A sama da wurin a haƙa magudana a jera mata duwatsu, ruwan gangare ya zagaye. Girmanta a lissafa shi da ambaliyar da dattawa ke ba da labari, ba da ruwan bara ba. Ƙananan tuli da ke warwatse a tattara su wuri ɗaya, a kan daɓen yumɓu ko leda mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2 da aka liƙe gaɓoɓinta da zafi, a kankare ƙasar da suka zauna a kai a haɗa da su. Ƙasar wurin ƙona zaiba da ta gindin injin niƙa daban ake ware ta. Ragowar ruwan sayanid masana ne ke kashe shi, da sinadarin farokzaid ko kulorin a ruwan da aka ƙarfafa da jir. Kada wani ya kuskura ya zuba masa asid.

Tulin a kwantar da gefensa, kamar mita uku a kwance ga kowace mita guda a tsaye, samansa ya ɗan yi doro kada ruwa ya kwanta. Inda kartar jiƙaƙƙiya ce a bayan madatsa, sai an tsane ta. Madatsar karta ta Burumadinyo a Barazil da ta kashe mutum 270 a Janairun 2019, an daina zuba mata fiye da shekara biyu kafin ta fashe.

Sai murfi. A zafinmu yumɓu zalla tsagewa yake yi. Abin da ya fi dacewa da busasshiyar ƙasa shi ne a fara shimfiɗa manyan tsakuwa kamar santimita 30, su hana gishiri da guba hawowa sama in ƙasa ta bushe. A ɗora ƙasa mai laushi, rabin mita zuwa mita guda ko fiye, wadda za ta riƙe ruwan sama har rana ta mayar da shi sama bai kai kartar ba. A watsa duwatsu a kai saboda habub, wato guguwar ƙura. A Nilu Mai Shuɗi da kudancin Gadarif, inda damina take da ƙarfi, wannan bai isa ba, sai an ƙara kauri an sa shimfiɗar da ruwa ba ya ratsawa.

Wani abu da injiniya daga waje kan manta: a gwada kartar kafin a rufe ta. In akwai ragowar zinariya a ciki, duk murfin da aka kashe wa kuɗi loda za ta yaye shi a dare ɗaya. Gara a sarrafa ta sau ɗaya ta hanyar da ta dace, a fara cire zaiba, sannan a rufe abin da ba mai kwaɗayinsa.

Wace bishiya ta dace a kai? Miskit ai ba ya mutuwa.

Shi ya sa ba a so. An shigo da miskit Sudan a 1917, a 1995 gwamnati ta ba da umarnin kawar da shi, kuma manoman Gash da Tokar da Sabuwar Halfa har yau suna fama. Saiwarsa tana nutsewa mita da yawa, za ta huda murfi ta buɗe wa ruwa hanya, awaki su ci 'ya'yansa su watsa shi ko'ina. A saman tuli ciyawar daji da ƙananan tsirrai masu gajeriyar saiwa ake so, irin tumam da filasko. Hanya mafi sauƙi ita ce a kankaro ƙasar sama daga daji mai tsabta na kusa, irin tsirran wurin yana cikinta, da ruwa ya sauka za su fito. Aduwa da kurna da itatuwan ƙaya irin samur a dasa su nesa da tulin, a gefen da iska ke tasowa. Kada a yi wa saman tuli ban-ruwa mai yawa don a ga kore, ruwan da ake ta wahalar hanawa ne ake zubawa da hannu. A shekarun farko a hana kiwo a kai.

Ana iya buga bulo da karta, ko a cike tsakar gida da ita?

A'a. Laushinta yana jan magina, amma ɗakin da aka gina da ita zaiba za ta riƙa tashi a cikinsa duk lokacin zafi, yaro mai rarrafe kuma hannunsa a baki yake. Noma a kan tulin da aka rufe ma a haƙura.

Wanda ke da dangi a Najeriya ya ji labarin Zamfara. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu da gubar dalma a ƙauyuka irin Dareta da 'Yargalma, saboda a cikin gida ake dakan dutsen zinariya. Likitoci sun ga ba amfanin ba yaro magani ya koma ƙasar da ta sa masa ciwon, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka binne a rami na musamman aka kawo sabuwa. Bagega sai 2013 aka share ta. Inda aka koma dakan dutse a gida, gubar ta dawo. Dutsen kowane wuri da abin da ke cikinsa, amma buhun karta da kayan aiki da takalmin rami kada su shiga inda yara suke.

In ruwan ƙasa ya riga ya gurɓata, ana iya wanke shi?

Ana iya ragewa, da tsada da jinkiri. Ana haƙa rijiyoyi a gaban gurɓataccen ruwan a riƙa zuƙe shi ana tacewa, ko a zuba shi a kududdufi mai leda rana ta busar, a kwashe ɓawon a binne. A kor mai ɗan zurfi ana yanka rami a gicciye a cika shi da garin ƙarfe ko dutsen jir, ruwan ya ratsa ya bar gubarsa a can. Dukansu shekaru suke ci, kuma aikin banza ne muddin tulin yana ci gaba da ɗiga daga sama. A ganina, ga ƙauye, kuɗin ya fi amfani in aka toshe tushen, aka haƙa sabuwar rijiya a sama da mahaƙar, aka ja bututu. Tsohuwar a sa mata alama a bar ta don awo.

Wa ke da alhakin wannan aiki?

A takarda, mai lasisi. Akwai dokar kare muhalli ta 2001 da dokar ma'adinai ta 2015, akwai Kamfanin Albarkatun Ma'adinai na Sudan da ke sa ido a kan masu haƙa, akwai majalisar ƙoli ta muhalli. Bayan zanga-zangar Talodi da maƙwabtanta a Kordofan ta Kudu, majalisar ministoci ta ba da umarni a Oktoban 2019 a daina amfani da zaiba da sayanid. Duk wanda ya shiga kasuwar niƙa bayan nan ya san inda umarnin ya tsaya. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara raunana sa ido, ya kuma ƙara wa kowa yunwar zinariya. Kasuwar gargajiya kuwa mutum dubu ne suka yi aiki suka watse, babu ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Ƙasashe da yawa masu ma'adinai suna sa kamfani ya ajiye kuɗin rufewa tun kafin ya fara, in ya gudu hukuma ta yi aikin da su. Wannan ya kamata jama'a su nema, kuma lokacin nema shi ne tun injin yana ƙara. A je tare da umda, wato basaraken yankin, da shugabannin sauran ƙabilun wurin, tunda rijiya ɗaya ake sha. A nemi a rubuta wanda zai rufe, da yaushe, da wane kuɗi. A ɗauki ruwan rijiyoyi a gwada tun yanzu, a ajiye takardar.

Bayan an rufe, shekara nawa za a yi ana bibiya?

Ya danganta da nisan rijiyoyi da irin dutsen. Inda babu tsami kuma lambobi suna sauka, bayan wasu shekaru ana iya sassautawa. Inda fairait yake, 'ya'yanku ma za su gaji aikin. A shekarun farko a gwada rijiyoyin sa ido duk wata uku, daga baya sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta. Duk ranar da kor ya kawo ruwa, washegari mutum biyu su hau tulin su duba: zaizaya a cike ta da dutse tun tana ƙarama, magudana a yashe ta, ramin dila ko na gafiya a toshe, ɗan miskit da ya tsiro a tumɓuke shi da saiwa. A rubuta zurfin kowace rijiya da sakamakon kowane gwaji a littafi ɗaya, a ɗauki hoton shafukan a waya, kofi ɗaya a wurin liman ɗaya a makaranta.